Ƙosai Talatin da Uku Saboda Kalma Guda

"Baba ya ce sai ka kawo asalinta, in ba haka ba ka daina zuwa ƙofar gidan nan," in ji Rahinatu, tana murza bakin mayafinta.

"Asalin wa kuma, hasken idona? Ai dangina kaf an bincika, har kakata ta wajen uwa sai da aka tono."

"Ba danginka ba. Kalmar nan ta Turanci da ka sako mini a wasiƙa. Doguwar nan mai kama da jirgin ƙasa."

Mudassiru ya dafe ƙirji. "Ya aka yi wasiƙar ta je hannun Baba?"

"Ƙarƙashin filo na sa ta, Umma ta fito da filon shanya, iska ta kai ta zaure. Sau biyu ya karanta. Ya gyara maka kuskure huɗu da jan biro. Da ya zo kan kalmar sai ya cire tabarau, ya ce shekara talatin da biyar yana hedimasta bai taɓa barin ɗalibi ya yi amfani da kalmar da bai san gidansu ba. Ya ce yadda ake binciken mai neman aure, haka za ka kawo masa uwarta da ubanta da kakanninta kafin a tafi masallaci ranar Juma'a. Kuma daga littafi, ba daga waya ba. Ya ce ilimin waya ba shi da isnadi."

"In na kawo fa?"

"Ka turo magabatanka."

"In ban kawo ba?"

Rahinatu ta sunkuyar da kai. "Ya ce ka ɗauki kalmarka ka kai wani gidan."

A nan ya wajaba alƙalami ya tsaya ya rusuna, ya gaida wanda ake ba da labarinsa, domin ba a shiga tarihin mazaje da takalmi. Shi ne fa Mudassiru, tauraron Unguwar Maɗinka, ma'abocin gashin baki mai layi ɗaya, Sarkin Yaƙin na'urar fotokwafi, mai haifar da takarda goma daga guda matuƙar akwai wuta. Ɗan Ɗanlami Mai Faci, wanda tayoyin manyan motoci suke sacewa don ladabi idan sun hango shi. Ɗan Ƙaura Mai Haƙar Rijiya, wanda ya haƙa rijiya bakwai a zamaninsa, biyu suka ba da ruwa. Ɗan Gambo Sha-Gudu, wanda ya yi ido huɗu da wani rago a kasuwar Laraba ya ja da baya bisa hikima da basira, bai tsaya ba sai a garin gaba, kuma a can aka haifi zuriyar. Daga wannan tsatso mai albarka gwarzonmu ya fito, a wannan nonon ya sha jarumta.

Ita kuwa kalmar da ta tayar da fitinar, a jikin wata takarda ya tsince ta, wadda wani ɗalibi ya kawo masa fotokwafi. Ya tambaya, aka ce masa ma'anarta yin abu cikin kasada, ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. Nan take ta shiga ransa. Ya kwana biyu yana juya ta a baki kamar alewa, a na uku ya zauna ya rubuta: "Rahinatu, ina son ki adventurously." Wayyo soyayya! Wa ya taɓa jin an tambayi masoyi takardar shaidar kalmominsa? Amma Malam Shitu Hedimasta, mahaifin Rahinatu, ba ya cikin mutanen da ake yi wa wannan tambayar.

Ranar Alhamis da hantsi jarumin ya ɗaura ɗamara, ya rufe shago, ya yi bankwana da na'urarsa kamar wanda ba zai dawo ba. Ya kai farmaki kan ƙamus huɗu a gidaje huɗu, kowanne ya faɗa masa ma'anar kalmar ya yi shiru a kan iyayenta, kamar dangin da suke ɓoye wani abu. Ya tsallaka kwata, ya ratsa kasuwar hatsi, ya keta layin 'yan gwanjo, ƙafarsa ta yi furu-furu, har ya isa gaban wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin tasha. Dattijon ya saurare shi, ya sosa gemu, ya ce a duk faɗin garin nan ƙamus ɗaya ne ya san yana kawo salsalar kalmomi, wani shirgege mai kaurin bulo biyu, kuma ganinsa na ƙarshe da shi a wajen Iya Kuluwa mai ƙosai ne.

"Karatu take yi da shi?" in ji Mudassiru.

"Zama take yi a kai."

Haka kuwa abin yake. Da gari ya waye ranar Juma'a, ranar wa'adin, Mudassiru ya iso fagen fama ya tarar da Iya Kuluwa, uwar ɗakin kasko, gimbiyar murhu, wadda ta shekara arba'in tana jefa ƙullu a mai ba ta taɓa kuskure ba, zaune daram a kan taskar ilimin Turawa kamar an halicce su tare. Bangon littafin ya daɗe da tafiya. Duk wanda ya zo saye, sai ta ɗan karkata, ta kai hannun hagu ƙarƙashinta, ta yago shafin da yake sama, ta zuba ƙosai, ta barbaɗa yaji, ta ƙunshe ta miƙa. Haka harshen Ingilishi yake barin duniya, shafi bayan shafi, da mai da yaji.

Ya tsugunna ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi jikoki. Daga nan harshensa ya sarƙe. Ta yaya ɗa mai tarbiyya zai dubi sa'ar kakarsa ya ce ta ɗaga, yana son ya leƙa abin da take zaune a kai? Ya kewaya, ya kewayo, ya yi maganar darajar ilimi da falalar nemansa, har dai ta gane inda ya dosa.

"Kai ɗan nan, ni ba na tashi daga gaban kasko sai ƙullu ya ƙare, kuma yau kwano uku na markaɗa. Sai azahar."

"Iya, to ki yago mini shafi ɗaya daga ciki."

"Daga sama nake yaga. In na tono tsakiya kujerar ta karkace, wa zai biya ni ƙuguna? Kuma takarda ba ta fita nan sai da ƙosai a cikinta."

Ana cikin haka wani tela ya karɓi ƙunshinsa. Mudassiru ya miƙa wuya ya leƙa takardar. An riga an cinye duk kalmomin da suka fara da AB, an shiga masu farawa da AC, an yi nisa. Tsakaninsa da shafin ƙaddara bai fi ganye goma sha ɗaya ba, kuma kowane mai wucewa da yunwa a cikinsa zai iya tafiya da aurensa a ƙunshe, ya ci, ya goge hannu, ya yar.

Sai jinin Gambo Sha-Gudu ya motsa a jijiyoyinsa, amma a karo na farko cikin tarihin zuriyar ya motsa ta gaba. Ya miƙe, ya gyara hula, ya tsaya ƙyam a gaban kasko ya toshe hanya, ya ɗaga murya:

"Iya, zuba! Daga yanzu duk ƙunshin da zai fito nawa ne!"

Iya Kuluwa ta dube shi sama da ƙasa. "Uku-uku nake ƙunshewa, ba na ragewa. Kuma ba na ƙara wa mutum alhali na hannunsa bai ƙare ba. Abinci ba abin wasa ba ne. Ka cinye a gabana, in ƙara maka."

Da wannan sharaɗi aka ja daga.

Ƙunshi na farko ya faɗi ba tare da turjiya ba, domin jarumin bai karya ba. Na biyu ya bi sahu. Na uku ma an ci shi da nishaɗi, har ya yaba da yajin. Bayan kowane hari sai ya warware takardar, ya ɗaga ta sama, ya duba inda aka kwana, ya ninke ta ya sa a aljihu a matsayin ganima. A ƙunshi na huɗu aka fita daga AC aka shiga AD, sai ya yi kabbara, matan da suka zo sayen na karin kumallo suka ja da baya. A na biyar labari ya bazu. Teloli suka bar kekunansu, mai shayi ya bar tukunya a wuta, masu baburan haya suka kashe injin suka jeru, aka yi da'ira kamar za a yi dambe, wasu suna cewa aljanu ne, wasu suna cewa rantsuwa ya yi, wata tsohuwa ta ce ita dai tun yana ƙarami ta san idonsa na mayunwata ne.

A ƙunshi na shida rundunar wake ta fara mayar da martani. Gumi ya keto masa tun daga ƙeya, ya gangara ta gadon baya ya tsaya a mazugin wando. Yaji ya kafa sansani a maƙogwaro ya tura 'yan leƙen asiri hanci da idanu. Mai ya malala daga yatsu zuwa wuyan hannu, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ya ci garin hannun riga ya kafa tuta a kan farar shaddar da aka goge domin Juma'a. A na bakwai ya sassauta mazugi. A na takwas ya nemi ruwa, mai shayi ya miƙo masa a kofi, ya sha, sai ƙosan da suke ciki suka sami abin da suke jira suka kumbura gaba ɗaya kamar an yi musu bushara. A na tara idanunsa suka fara ganin kasko biyu da Iya Kuluwa biyu. Ya rufe ido, ya hango Rahinatu tana murza bakin mayafi, ya hango wani ƙato marar kalma ko ɗaya zaune a kan tabarmar da ya saba zama, sai ya buɗe ido ya yi kururuwa da abin da ya rage masa na murya:

"Don Rahinatu! Iya, zuba!"

"A hankali dai, ɗan nan," in ji Iya, tana tsamo wasu da matsami. "Ni ban taɓa kisa ba."

Na goma ya wuce da ƙyar, kamar a tura buhu ta taga. Na goma sha ɗaya ya iso hannunsa yana huci. Ya duba ƙasan takardar, sai zuciyarsa ta buga tambari: kalmar ƙarshe a shafin maƙwabciyar tasa ce, katanga ɗaya ta raba su. Ganye na gaba shi ne! Ya dubi ƙosai ukun da suka rage tsakaninsa da nasara, ya ga lokaci ba ya jira, ya haɗa su ya tura baki a tashi ɗaya. Na talatin da ɗaya ya kama kuncin dama, na talatin da biyu ya kama na hagu, na talatin da uku ya tsaya a tsakiya ya rufe ƙofa.

A daidai wannan lokaci taron ya dare biyu, aka ji sallama cikin murya mai sanyi da kowa ya sani tun yana aji ɗaya. Malam Shitu Hedimasta ne, da tabarau, da carbi, da kwanon kokonsa a hannu.

Ya ku ma'abota hankali, ku auna wannan musiba. A ƙasar nan mai neman aure yana iya faɗuwa daga kan babur a gaban surukinsa, ya tashi ya karkaɗe riga, a yi masa sannu. Amma a gan shi yana tauna? A bakin titi? Da mai har gwiwar hannu? Mudassiru, wanda ko ruwa aka kawo masa a zauren gidan sai ya ce yana azumi, ya zube ƙasa ya tsugunna, kumatunsa kamar ya ɓoye ƙwallo biyu.

"A'a, Mudassiru ne? Ina kwana?"

"Mmm," in ji Sarkin Yaƙi.

"Ya mutan gidan?"

"Mmm-mmm."

Malam Shitu dattijo ne mai sanin ya kamata. Ya ga abin da ya gani, don haka ya ɗaga kai ya shiga nazarin wata bishiyar darbejiya kamar yau aka shuka ta. Shi bai gani ba, Mudassiru bai ci ba, jama'a ba su nan. Sannan ya juya ya gaida Iya Kuluwa gaisuwa ta mutanen da, wadda ba ta ƙarewa: ya tambayi ƙafarta, ya tambayi 'yarta ta Funtuwa, ya yi ta'aziyyar wata rasuwa ta bara, suka tattauna tsadar wake. Duk wannan lokacin jarumin yana tsugune, ba halin taunawa don kada a ji, ba halin haɗiyewa don ba hanya, ba halin tofarwa don abinci ne, hawaye suna bin kumatun da ba su da wurin ajiye su.

Sai Iya ta karkata. Hannun hagu ya tafi ƙasa. Aka ji kyaaat. Shafin da aka ci ƙosai talatin da uku dominsa ya fito duniya, aka zuba masa uku, aka barbaɗe shi da yaji, aka miƙa wa Malam Shitu, ya karɓa ya yi godiya ya juya gida.

Da wani ne ba jikan Ƙaura ba, da nan ya haƙura. Mudassiru ya haɗiye, Allah kaɗai ya san ta yaya, ya miƙe da taimakon teloli biyu, ya bi bayan surukinsa da tazarar ladabi, yana tafe yana rangaji kamar motar da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta. Malam ya shiga zaure ya zauna karin kumallo. To kamar yadda ba a ganin suruki ƙarami yana ci, haka shi ma ba ya kallon babba yana ci, don haka jarumin ya tsaya a waje ya juya wa ƙofa baya, ya fuskanci katangar maƙwabta, ya kasa kunne. Ya ji kurɓar koko. Ya ji shiru mai tsawo. Ya ji an cukuikuye takarda. Sai ga ta ta fito ta ƙofar zaure a dunƙule, ta yi tsalle biyu ta tsaya a tsakiyar lungu.

Amma ba shi kaɗai yake jira ba. A gindin katanga akwai wani bunsuru mai gemu ɗaya da ƙaho ɗaya da rabi, annobar unguwa, wanda ya taɓa cinye takardar haihuwar wasu 'yan biyu da rabin kalandar wani tela. Ƙamshin mai ya kai masa. Mutum ya dubi dabba, dabba ta dubi mutum, suka zabura a tare.

Masu ba da labari sun saɓa a kan tsawon gumurzun. Abin da aka haɗu a kai shi ne cewa bunsurun ya riga kaiwa, cewa Mudassiru ya yi kukan kura ya faɗa masa da nauyinsa da na wake, cewa sun yi birgima sau uku, suka ture tulun wata baiwar Allah, suka watsa kaji, hula ta yi gabas takalmi ya yi yamma, cewa an ji jarumin yana ihu, "Saki! Aurena ne a bakinka!" alhali yatsunsa biyu suna cikin bakin abokin gaba, kuma cewa a ƙarshe bunsurun ya ja da baya da kusurwar shafin, ya tsaya nesa yana taunawa yana kallonsa da raini, ya bar kashi uku cikin huɗu a hannun zuriyar Gambo.

Mudassiru ya warware abin da ya ƙwato. Mai ya ratsa takardar har rubutun baya yana leƙowa ta gaba, amma da ya ɗaga ta ga rana sai ga salsalar nan a jere. Ya share hawaye, ya nemo takalmi ɗaya, ya yi sallama a ƙofar zaure ya durƙusa. Bayan ƙyauren cikin gida ana jin motsin mayafi. Ya ɗaga takardar da hannu biyu, ya ja numfashi domin huɗubar da ya kwana yana shiryawa.

"Allah ya gafarta Malam, ga asalin..."

"Ingilishi ya aro ta daga Faransanci," in ji Malam Shitu, yana sakace. "Faransawa sun gaje ta daga Latin, harshen Rumawan da. Can asalinta ana nufin abin da yake tafe, wanda bai riga ya faru ba, daga wata kalma mai nufin isowa. Sauran jelar daga baya aka ɗaura mata. Yanzu na karanta ina shan koko."

Mudassiru ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai ƙamshin wake.

"Ƙamus ɗina ne ai," Malam ya ci gaba. "Uwar Rahinatu ce ta ba Kuluwa shi ina masallaci, wai yana tara mata kyankyasai. Kyauta kuwa ba a karɓo ta. Shi ya sa kullum nake zuwa in sayi ƙunshi ɗaya, mu gaisa da shafi guda. Yau na yi mamaki da na ga mun yi tsalle har nan." Ya dubi aljihun Mudassiru da ya yi tozo da takardu masu maiƙo. "Sha ɗaya ne a wurinka?"

Jarumin ya zaro ganimar yaƙi gaba ɗaya ya ajiye a gaban dattijon. Malam ya jera su bisa lamba, ya shafa su da tafin hannu a hankali, kamar mai shafa kan jikoki. Sharaɗi dai an ce a kawo asali, ga shi wanda ya sa sharaɗin ya riga mai kawowa sani. Bayan ƙyaure motsin mayafi ya tsaya cak. A waje bunsuru ya yi gyatsa.

Malam Shitu ya karɓi yagaggen shafin, ya duba gurbin haƙoran da ke gefensa, ya dubi shaddar da ta koma kalar kasko, ya dubi ƙafa ɗaya mai takalmi da ɗaya marar shi. Ya mayar da tabarau, ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Rahinatu! Na san kina nan. Gaya wa uwarki na ce daga littafi, kuma daga littafi ya kawo. Magabatansa su zo ranar Asabar. Amma a cire ƙosai daga abincin bikin nan, ango ya riga ya ci rabonsa da na danginsa."